Ƙafar da Na Ɓoye a Bayan Gaisuwa

Salama a gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa, na gaba da na baya, har da waɗanda suka makara suka tsaya bakin taga.

Fasto ya ce in rubuta shaidata a takarda, wai in aka bar ni da bakina kaɗai, tuwon rana sai ya huce a tukunya. To, na rubuta. Karatuna dai na bariki ne, 'yan watanni a gindin mangwaro, wani saje yana koya mana baƙaƙe da sanda a hannu. In kun ji na yi shiru, ba wani abin ruhaniya ba ne, rubutuna ne ya gagare ni karantawa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Kofur Iliya na Gumbihini, mijin Mma Saratu mai koko. Na je yaƙin Bama na dawo ko ƙwarzane babu. A can aka yi mini baftisma, a can kuma na koyi shan taba. Tunda gaban Allah nake, bari in faɗi gaskiya: tabar na fi riƙewa da aminci. Sujada sai Lahadi, lofe kuwa daga safe har yamma yana bakina.

Da aka sallame mu daga soja, aka ba ni aikin masinja a wani ofishin gwamnati nan Tamale. Aikin masinja ƙafa ce kawai. A miƙa maka takarda, ka kai wurin wane, ka dawo. Ni kuwa ina taƙama da ƙafafuna. Ƙafafun da suka taka dajin Bama, me hanyar Lamashegu za ta yi musu?

Ana saura kamar damina biyu Turawa su miƙa mana ƙasa, ƙafar hagu ta fara yi mini wani abu. In na fita daga gida garau nake. In na yi ɗan nisa, sai sharaɓata ta ɗaure, kamar an naɗa mata igiya ana murɗawa. In na tsaya, kafin a sha ruwa a ajiye moɗa, ta sake ni. In na ci gaba, daidai wannan nisan, ta sake kamawa. Ba ta ƙari, ba ta ragi. Ko agogon ofis bai kai ta cika alkawari ba.

Ban gaya wa kowa ba.

Me ya hana ni? Na farko, soja ba ya cewa wayyo, haka aka horar da mu. Na biyu, ana ta raɗe-raɗi a ofis cewa sabuwar gwamnati samari masu keke za ta ɗauka, tsofaffin masinjoji su koma gida. Na uku, shi ne babba, girman kai. Ban so a ce ga Kofur can ya tsaya tsakiyar hanya yana riƙe da ƙafa kamar tsohuwa.

To, amma dole in tsaya. Yaya mutum zai tsaya a hanya ba a tambaye shi dalili ba?

'Yan'uwa, ku kun san garin nan. A Tamale abu guda ne mutum zai tsaya dominsa ko sau ɗari ne, ba wanda zai ce masa don me. Gaisuwa! Ka ga babba, ka rusuna, ka tsuguna, ka gaishe shi da yaren gari, ka ce dasiba, ya ce naa. Ka tambayi kwana, naa. Ka tambayi gida, naa. Ka tambayi gajiyar jiya, yara, gona, sanyi, zafi, naa, naa, naa. In na Zongo ne ka juya da Hausa: ina kwana, ina gajiya, ina labari, yaya iyali. Kafin ku gama, ƙafata ta huta.

Sai na auna hanyata da mutane. Daga ƙofar gidana zuwa maƙera, zango ɗaya. Daga maƙera zuwa wurin tela mai keken hannu, zango biyu. Daga nan sai tsohuwa mai daddawa. Daga ita sai inuwar abokina Wanzam Seidu, wanda ke aski a gindin darbejiya kusa da kasuwa. Kowa na ba shi gaisuwarsa cikakkiya, har da ƙari.

Inda hanya ta yi tsawo ba mutum, sai in ƙirƙiro. Akwai wani tsoho kurma da ke zama kan turmi, na shekara ina tambayarsa lafiya, bai taɓa jin ko kalma ɗaya ba. Wata rana da ban samu kowa ba, na tsaya gaban wata tunkiya da aka ɗaure, ina duba haƙoranta kamar mai shirin saye.

Ga wanda ya fi ba ni kunya. Akwai wani maƙwabci da muka yi shekaru ba ma magana, saboda awakinsa sun cinye mini kuɓewa. Sai ƙofarsa ta faɗo daidai inda ciwon ke kama ni. Na yi kwana uku ina wucewa ina cije baki. Rana ta huɗu na tsuguna na gaishe shi. Mutumin nan har hawaye ya yi! Labari ya iso coci, Faston da muke da shi lokacin ya hau bagade ya yi wa'azi a kan yafe wa juna, ya kama sunana. Wasunku suna nan ran nan. Na zauna na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Yau na dawo muku da wannan yabo, ba nawa ba ne. Sharaɓa ce ta yi sulhun.

Ciwo kuwa bai tsaya jirana ba. Nisan da nake iya yi ya dinga raguwa, mutanen da nake gaisarwa suka dinga ƙaruwa. Suna ya fita: Kofur Iliya, ba mai ladabi irinsa. A ofis kuma babban akawu yakan kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Kofur, takardar nan Kumasi ta biya ne kafin ta dawo?" In ce, "Ranka ya daɗe, manya na tarar a hanya." Ya koma kan takardunsa. Wa zai hana mutum gaida manya?

A gida ne wayona bai cika ci ba. Saratu ta ga ina shan ruwa kamar raƙumi, ina zaga bayan gida kamar mai gadinsa. Ta ga wandon kakina ya fara neman igiya. Wata safiya ta ce, "Kofur, zo ka ga." Ta nuna mini inda nake fitsari. Kiyashi sun yi layi kamar ranar biyan soja.

Na ce, "Su ma sun san mutumin kirki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ƙafarka kuma in ta taɓa ni sai in ce randa ce. Mutum mai rai, cikin zafin nan, ƙafa sanyi ƙalau?"

Na ce, "Sanyin hali ne ya sauka ƙasa." Na ɗauki kokona, na jefa ƙwayar suga huɗu kamar kullum, na kunna lofe, na fita.

Sai ga 'yancin kai ya zo. Aka aiko cewa tsofaffin sojoji za su yi maci a fili, gaban manyan gari da sabuwar tuta. Wayyo, daɗi! Na zaro tsofaffin takalmana na soja daga ƙarƙashin gado, sun bushe sun yi tauri kamar ƙirgi. Na shafa musu mai har ina ganin gemuna a ciki. Ranakun gwaji duk na zille, na ce aikin ofis ya riƙe ni. A raina na ce, maci ai jini ne, in ganga ta buga ƙafa za ta tuna.

Abu ɗaya ne ban lissafa ba. A maci ba a tsayawa gaisuwa.

Ran nan da hantsi fili ya cika maƙil. 'Yan makaranta da tutoci, mata da guɗa, 'yan badujala suna busa. Tsohon sajenmu ya daka tsawa, muka ɗaga. Hagu, dama, hagu, dama. Ƙirjina ya buɗe, na ji kamar ina ɗan shekara ashirin. Muka wuce nisan maƙera. Igiyar ta fara murɗawa. Muka wuce nisan tela. Na cije haƙora, zufa tana shiga idona. Rumfar manya tana can gaba, ina ganinta, amma kamar ana ja da ita baya.

Saura kaɗan mu iso, ƙafar ta ce ita kam ta gama. Ba ni na tsaya ba, ita ta tsaya.

Kun san abin da na yi? Jiki ya riga ya saba. Na juya ga wani ɗan sanda da ke tare jama'a, yaron da na haifi kamarsa, ban taɓa ganinsa ba, na tsuguna a gabansa na ce, "Dasiba!"

Na bayana ya yi karo da ni ya kife. Na bayansa ya hau kansa. Saje ya taho yana kumfa: "Iliya! Sarki ka gani ne? Tashi, don ubanka, tuta ake ɗagawa!" Ɗan sandan nan ya rasa abin yi, sai ya ce, "Naa." Fili ya kwashe da dariya.

Aka ja ni gefe. Mutane suna cewa ladabin Kofur ya taɓa masa kai. Ni ma na taya su dariya. Ku duba fa, 'yan'uwa: na gwammace a ce mini mahaukaci da a ce mini marar lafiya.

Da na isa gida, Saratu ta zaunar da ni ta zare takalmin hagu. Safa ta manne da fata. Da ta ɓamɓare, ga jini, ga ƙananan yatsu biyu sun saluɓe, nama a fili. Takalmin ya ci su tun safe, ni kuwa ban ji komai ba. Wannan ne ya fara tsorata ni a ɓoye. Sharaɓa tana ihu, yatsu kuwa sun yi shiru kamar ba nawa ba.

Ta ce asibiti. Na ce soja ne zai je asibiti don ɗan rauni? Na yi musu irin na bariki, ruwan zafi da gishiri, na ɗaure da tsumma, na koma aiki da takalmin taya. Mako ya wuce, raunin bai kame ba. Mako na biyu, yatsun suka fara duhu. Sai wari. Ina tsugunawa gaisuwa ina ɓoye ƙafar a bayan ɗayar.

Na ce to, mataccen jini ne ya taru, ƙaho zai janye shi. Na lallaɓa wurin Wanzam Seidu. Na jira har mai askin ƙarshe ya tafi, na ce, "Wanzam, ɗan ƙaho za ka kafa mini."

Ya ce, "Ɗan coci, yau kuma? Ba ku ne masu cewa addu'a ta isa ba? Kawo bayan."

Na ce, "Ba baya ba. Nan." Na kwance tsumman.

Murmushinsa ya ɗauke. Ya riga ya zaro aska daga zabira, sai ya ajiye ta kan tabarma. Ya ɗora ƙafata a cinyarsa, ya shafa ƙwaurin da bayan hannu. Ya taɓa ta dama, ya dawo ta hagu. Ya ce, "Ina gashin ƙafar nan ya tafi? Ni dai ban aske shi ba." Ya matsa babban yatsa har ya yi fari, ya saki, ya zuba masa ido. Farin ya daɗe bai koma ba.

Ya mayar da askar cikin zabira ya ɗaure bakinta.

Na ce, "Yaya dai? Tsoron jinin Kirista kake?"

Ya ce, "Kofur, ƙaho jini yake ja. Nan ba jinin da zan ja. Tun ina bin babana da zabira nake tsaga fatar mutane, na san wadda za ta haɗe, na san wadda ba za ta haɗe ba. In na sa aska a nan, na buɗe ƙofar da ba mai rufewa." Ya ɗago ya kalle ni. Can ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Ai lafiya lau, ɗan..."

Ya ce, "Kai, rufe mini baki. Kullum ka zo ka tsuguna nan, ka tambayi matana, ka tambayi kajina, har kakata da ta mutu ka taɓa tambaya. Ina cewa Allah ya ba ni aboki. Ashe hutawa kake zuwa yi a inuwata, tsohon banza!"

Ya naɗe tabarmarsa da rana tsaka, ranar kasuwa, masu aski suna tafe. Ya ɗora ni bayan kekensa kamar buhun dawa, ya aika a gaya wa Saratu, ya tuƙa ni har asibiti. Duk hanya yana zagina. Allah ya yi amfani da bakin Musulmi ya faɗa mini abin da na ƙi ji daga bakin matata. Yabo ga Ubangiji!

Likitan saurayi ne, baƙi irinmu, daga kudu, ba ya jin Hausa, wani dattijon ma'aikaci ne ke fassara. Aka karɓi fitsarina, aka zuba cikin 'yar kwalba da wani magani shuɗi, aka ɗora kan wuta. Ina kallo ya juye ya koma ja kamar ƙasar hanyar Kanvili. Dattijon ya ce, "Baba, ciwon suga gare ka, kuma ba na jiya ba ne."

Likita ya dinga lalube da yatsunsa, bayan gwiwa, idon sawu, saman ƙafa, yana neman inda jini ke bugawa. A dama ya samu kaɗan. A hagu ya daɗe yana nema, ya girgiza kai. Ya shinshina rigata, ya yi tambaya. Dattijon ya ce, "Wai taba kake sha?" Na ce, "Jefi-jefi." Saratu da ta iso tana haki ta ce, "Ƙarya yake, Dokta. Barci kaɗai ke raba su."

Aka yi mini bayani yadda zan gane. Wai jijiyoyin da ke kai jini ƙafa kamar lambatu suke. Suga da taba sun haɗu sun cushe nawa, saura 'yar ƙaramar hanya. In ina zaune, ɗan abin da ke wucewa ya ishi naman. In na yi tafiya, naman ya nemi ƙari, bai samu ba, sai ya yi kuka, kukan nan shi ne ciwon sharaɓa. Sugan kuma ya kashe jin yatsun, shi ya sa takalmi ya ci ni ban sani ba. Rauni kuwa ba ya warkewa inda jini ba ya zuwa.

Sai likita ya zaro alƙalami daga aljihu, ya ja layi a kan ƙafata, sama kaɗan da inda ja da kumburi suka tsaya. Ya ce yatsu biyun nan sun riga sun tafi. Za su ba ni allurai, su jira 'yan kwanaki. In jan ya tsaya ƙasan layi, yatsu kaɗai za a cire. In ya haye, sai ƙasan gwiwa.

Aka ba ni gado. Na kusa da ni wani manomi ne daga Kanvili, Mba Isaka, mutum mai sanyin magana. Tasa ƙafar an riga an yanke. Ya ga ina leƙen layina, ya ce, "Ni ma damina biyu ina cewa lafiya lau." 

Kuna tsammani na yi hankali? Ina! Lofena yana cikin matashi. In ma'aikata sun juya baya, in ɗingisa bayan makewayi in ja biyu-uku. Wata mai sayar da koko a bakin ƙofa kuma tana miƙo mini ta taga, da suga yadda na saba. Likita in ya zo da safe ya ce yaya, in ce lafiya lau.

Rana ta uku da azahar na duba. Jan ya taɓa layi.

Saratu ta zo da abinci, miyar ganye ba daɗi, ta ga abin da na gani. Ta ajiye kwano ta ce, "Mu yi addu'a." Ta durƙusa gefen gado. Na rufe ido na fara irin wadda na iya, wadda kuka sha ji ina yi a nan. Ya Ubangiji Mai Runduna, Sarkin sarakuna, mun gode maka domin kwana lafiya, mun gode domin gida, mun gode domin sabuwar ƙasa da shugabanninta, ka sa wa Fasto albarka, ka ba manoma ruwa, ka tuna da matafiya...

Sai na ji ta kama hannuna. Tun da na aure ta ba ta taɓa kama sunana ba, sai ran nan.

Ta ce, "Iliya. Gaishe shi kake yi. Faɗa masa."



Na kwanta ina kallon kwanon rufi, ina duba rayuwata. Tun ranar da aka zuba mini ruwan baftisma, me na taɓa gaya wa Yesu? A Bama da harsashi ya ɗauke abokina a gefena, na ce mun gode. Da muka binne ɗanmu na fari, na ce mun gode, na je bayan gida na cika lofe. Godiya ba laifi ba ce. Amma tawa ba godiya ba ce, labule ce. Yadda na mayar da maƙeri da tela da kurma, haka na mayar da Ubangijina: wurin da zan tsuguna in jera kalmomi masu daɗi, in tashi ban ce komai ba. Shi kuwa duk shekarun nan yana zaune yana jira in kai ga maganar da ta kawo ni.

Na buɗe baki, abin da ya fito bai fi na yaro ɗan shekara biyar ba. Na ce, "Yesu, ƙafata tana ciwo. Ta daɗe tana ciwo. Ina jin tsoro. Ba na so a yanke."

Sai kuka. Ni, Kofur, gaban mutum goma sha wani abu, gaban Mba Isaka, ina shessheƙa kamar an yaye ni. Da na samu numfashi na ƙara da cewa, "In kuma sai an yanke, to, kada ka bar ni in zama abin da nake. Na gaji da ƙarya."

Ban ga haske ba. Ban ji murya ba. Ƙafar ma ba ta daina zogi ba. Amma wani abu da na shekara da shekaru ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka. Na sa hannu cikin matashi na zaro lofen na miƙa wa Saratu. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce, "A nan ma?" Na ce, "Har da koko ta taga." Ta ce, "Allah ya shirye ka." Na ce, "Aikin da yake kai ke nan."

Washegari likita ya ce yaya. Na ce wa dattijon mai fassara, "Gyara tsayuwa, yau da magana." Na faɗi duka: tun yaushe, nisan da nake yi, ruwan zafin, tabar bayan makewayi, kokon taga. Likita ya dafe kai. Ya ce shi ya sa sugan ya ƙi sauka duk allurar da suke yi, yana ta mamaki. Ya sa aka matsar da gadona nesa da taga.

Ran nan jan yana kan layi. Washegari yana kan layi. Ina kallonsa, yana kallona. Jikina yana rawa don rashin taba, har cokali ba na iya riƙewa. Duk sa'ad da abin ya taso, in ce, "Yesu, taba nake so." Haka kawai, ba ado. Rana ta uku Saratu ta sunkuya ta daɗe tana dubawa, ta sa yatsa, ta ce, "Kofur, akwai fili." Tsakanin jan da layin, fata ta fito, faɗinta bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Haleluya! Ban taɓa ganin fili mai kyan wannan ba, har da wanda aka ɗaga tuta!

Aka cire yatsu biyu. Raunin ya ci damina guda cur kafin ya rufe, amma ya rufe. Ƙafar ga ta nan cikin takalmin yadi, tawa ce.

Akwai abin da nake juyawa a raina har yau, ba zan ɓoye muku ba. Mba Isaka ya fi ni gaskiya, ya fi ni haƙuri, bai taɓa sa taba a baki ba, yana kiran Allah yadda ya sani, amma tasa ta tafi, tawa ta tsaya. Ban san dalili ba. Kada wani ya fita nan ya ce Kofur ya iya addu'a shi ya sa. Kun dai ji addu'ar. Jinƙai ne aka yi wa wanda bai cancanta ba. Kuma na gaskata ko da an yanke, da na fito asibitin nan da abin da ban shiga da shi ba.

Ciwon suga bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya a bagade. Kowace safiya sai allura. Koko ba suga, kamar ana shan hukunci. Kowace yamma Saratu tana duba ƙafafuna, tsakanin yatsu, diddige, tafi, tunda su ba sa kawo ƙara da kansu. Ba ruwan zafi, ba jin wuta, ba aska kusa da farce, ba tafiya ba takalmi. Likita ya ce in dinga tafiya kullum, in ciwon ya kama in tsaya, in ya saki in ci gaba, wai a hankali jini yakan nemi ƙananan hanyoyi ya zaga. Nisan ya ɗan ƙaru kuwa. Aikin masinja ya tafi, an ba mai keke. Ni an ba ni benci a ƙofar ofis, ina nuna wa baƙi inda za su. Abin da na yi shekara biyu ina tsoro ke nan, ga shi ya zo, ban mutu ba.

Taba kuwa har gobe in na ji ƙanshinta, yawuna yana tsinkewa. Ku sa ni a addu'a.

Yanzu ga roƙona. Na san a cikin ɗakin nan akwai wanda ƙafarsa ke kama shi a hanya, ko take sanyi cikin zafi, ko yake da ɗan rauni da ya ƙi kamewa. Na sani, don ni gwani ne, ina gane irina daga nesa. Kada ka jira alƙalamin likita. Cire takalmi yau ka nuna wa na gida, gobe ka tafi asibiti. Akwai kuma wanda ciwonsa ba a ƙafa yake ba, yana inda ba a cire wa takalmi. Kai ma ka faɗa. Yesu ba baƙo ba ne da za ka yi wa shara ka ɓoye tsumma. Ya riga ya ji warin, bai kuwa tashi ya tafi ba. Ku dogara gare shi, ku gaya masa abin yadda yake, da kalmomin da kuke da su.

Na gode wa Allah da ya bar mini ƙafa. Na gode masa domin Saratu, domin Wanzam Seidu, domin likitan nan da haƙurinsa. Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu.

Akwai sauran rabin shafi, amma na daɗe a tsaye, ƙafata kuma tana ciwo. Kun ji na faɗa, gaban kowa. Fasto, a matso mini da kujera.

Amin.